Fure a Tukunyar Wankan Jego

Tashar mota, Rano
Ranar Litinin

Zuwa ga Rakiya, sarkin surutun Agege,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Alhaji da yara, da zafin Legas ɗin da kika zaɓa kika bar mu. Mu nan lafiya ƙalau, sai bayan nan nawa da yake taɓa ni in na daɗe a kan sitiyari. Damina ta yi kyau, dawar Yalwa har ta fi ta bara.

Na san za ki ce me ya sami Sule da rubuta takarda a zamanin waya. Maganar ba ta waya ba ce. A tashar nan mutum yana ɗaga waya kowa zai baza kunne, kuma abokin aikina Shitu shi kaɗai ya isa ya kai labari har ƙauyen Zinyau kafin azahar. Shi ya sa na ba Ramalan mai tirelar albasa ya kawo miki hannu da hannu. Don darajar kakana da kakarki da suka sha nono ɗaya, kada ki karanta wa kowa.

Rakiya, ke kika ɓata mini gida. Tun da kika aiko wa mai ɗakina babbar wayar nan da katin finafinai bara da Sallah, ban sake samun kanta ba. Da can in na dawo daga Kano, ina cin tuwo tana ba ni labarin unguwa. Yanzu kuwa sai dai in ji ta tana ƙyaƙyata dariya ita kaɗai, can kuma in ga tana share hawaye da bakin zane. Rannan na tsorata na ce, "Wa ya mutu?" Ta ce, "Ba kowa, aure aka ɗaura." Ki ji fa! Auren mutanen da ba ta san iyayensu ba.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kin san autarmu Muhsina ta haihu a Kibiya, an sami namiji. Uwarta ta tafi yi mata wankan jego. An yi suna, an yi arba'in, ga shi an kusa ƙara wata a kai, shiru kake ji. Wai tsohuwar gidan, Iya, uwar mijin Muhsina, ta ce tunda haihuwar fari ce a ƙara wankan safe. Ni na san ba wanka ba ne. An ce mini surukin nawa Habibullahi, da yake malamin makarantar boko ne, tabarma ɗaya yake zama da matarsa su kalli fim, har jariri yake riƙe mata. Mutuniyar ta gani a waya, ta zo ta gani a fili, ta auna da ni ta ga ban kai ba.

Kada ki ce na matsa mata. Ranar arba'in ma da Shitu ya yi lodin Kibiya, cewa na yi ya gaya mata ta yi zamanta, ba gaggawa, gida lafiya lau. Ina zan yarda surukai su ce dattijo da furfurarsa ya kasa haƙuri? Amma tsakanina da ke gida ba lafiya ba. Tuwon tasha ya ishe ni. Akuyar nan ja ta ƙi cin dusa daga hannuna. In na shiga gida na yi sallama sai katanga ta dawo mini da ita.

Tunda ke kika haɗa, ke za ki kwance. Ki kira ta ki ce ta dawo ɗakinta, amma kada ki kuskura ki ce ni na ce.

Naki,
Sule Direba

Agege, Legas
Ranar Lahadi

Zuwa ga Sule, mijin 'Yar Zurgu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso tana warin albasa. Muna lafiya, Alhaji yana gaishe ka, ƙafata ce kawai ke kumbura saboda tsayuwar sayar da abinci. Allah ya raya jikanmu, ya sawwaƙe maka bayan.

Ban karanta wa kowa ba, amma na yi dariya har masu cin shinkafa suka tambaya ko an yi mini albishir. Wai akuya ta ƙi cin dusa! Sule, ka ji tsoron Allah, ka bar akuyar mutane ta huta. Kai ne ka ƙi cin dusa.

Ba zan kira Indo in ce ta dawo ba. E, Indo, na rubuta, ka karanta da kyau ko ka tuna. Wannan tsohuwar bas ɗin taka da sai an tura take tashi, ka raɗa mata suna 'Yar Zurgu, kana yini kana kiranta kana shafa mata goshi. Matar da ta haifa maka 'ya'ya shida kuwa, shekara talatin tana amsa "Ke". Na san haka muka taras, mijin kirki ba ya kama sunan matar fari. Amma ko a takardar da ba mai gani sai ni, "mai ɗakina" da "mutuniyar" kake ta zagaye.

Ka ce na ɓata maka gida da fim. Bari in gaya maka abin da muke gani a ciki, tunda kai ba ka taɓa tsayawa ka kalla ba. Tun daga farkon fim na san yaron nan da yarinyar nan za su auri juna, ko jaririn Muhsina ya sani. Ba don in san ƙarshe nake kallo ba. Kullum akwai wani mai magana a ƙirji da ya kasa furtawa. Zai zo gaban wadda yake so, ya buɗe baki, sai ya ɓige da tambayar ko an ba kaji ruwa. Mu yi ta dariya, don mun san shi, kowane gida akwai irinsa. Uwarsa tana masifa, kakarsa tana tsokana, ƙannensa suna leƙe ta taga, kamar dai gidan kakanninmu na Rano lokacin muna yara. Ni da nake nan cikin mutanen da ba su san sunan ubana ba, in na kalla sai in ji kamar na je gida na dawo. Can a ƙarshe kuma, bayan ya gama wahalar da kowa, sai ya faɗi maganar. Wallahi in ya faɗa sai ka ji kamar dukanmu ya faɗa wa. Kukan da ka ga Indo tana yi ke nan.

Ga maganinka. Ka je wurin masu tura finafinai a kasuwar Rano, ka ce a zuba maka irin waɗanda ake dariya da yawa kuma a ƙare da biki, ba na faɗa da bindiga ba. Ka ari babbar waya, ka zauna ka kalla har ƙarshe, ka lura da abin da mazan suke yi. In ka gama ka rubuto mini.

Taubashiyarka da ta fi ka hankali,
Rakiya

Rano
Ranar Laraba

Rakiya,

Sallama da gaisuwa. Ina fata ƙafar ta saɓe. Ni bayan da sauƙi, amma abin da ya fi bayan ya same ni, kuma duk shawararki ce.

Na ari wayar Shitu, na sa aka zuba mini, muka zauna gindin darbejiyar tasha muna jiran layi. Na farko bai burge ni ba. Saurayi ba shi da sana'a, amma cikin waƙa ɗaya ya sauya riga ta fi biyar. Wa ke yi masa wanki? Sannan da yarinyar ta yi fushi ta shiga mota, sai ga shi yana bin motar da gudu a ƙafa yana ihu. Na ce wa direbobi wannan shi ne sakarci. Mai hankali tasha zai je ya karɓi lambar direba, a tsayar masa da mota a gari na gaba. Kowa ya ce gaskiya ne.

Na biyu akwai wani uban yarinya mai ƙaton gashin baki da ba ya dariya, ko an kawo masa abinci sai dai ya ce "ajiye". Nan da nan 'yan tasha suka ce ga Sule. Ban ji daɗi ba, amma na ƙarasa don in ga yadda za a yi da shi. Na uku shi ya kayar da ni. Wasu tsofaffi ne mata da miji kullum cikin faɗa a kan rediyo, ranar da aka kwantar da matar a asibiti sai ga tsohon ya ɗauko rediyon ya kai mata, ya zauna a gefenta. Ban san lokacin da idona ya kawo ruwa ba. Na ce albasar da aka loda ce. Shitu ya ce, "Malam Sule, yau masara aka loda." Layina ya zo ya wuce ban sani ba, fasinjojina ma sun sauko sun kewaye ni suna cewa in ɗaga wayar sama. Tawa ƙaramar wayar kuwa na kashe ta na jefa cikin aljihun mota, don masu kira suna katse ni daidai inda ake maganar kirki.

Kin ce in lura da abin da mazan suke yi. Na lura. Duk cikinsu ba wanda bai kai fure ba. Don haka da na sauke fasinja a Kano na tsaya wurin masu sayar da furanni a bakin titi. Mutumin ya ce, "Baba, na shuka ne ko na amarya?" Kunya ta kama ni na ce na magani ne. Ya haɗa mini jajaye da ganyensu, dami guda. Na cusa a buhun taki don kada 'yan tasha su gani, ya kwana a ƙarƙashin kujera.

Washegari da sassafe na isa Kibiya. Kin san ba zan shiga gidan suruki ba, a zaure na tsaya. Iya ce ta fito, ta ce mutuniyar tana can baya tana hura wutar wanka. Rakiya, ta yaya zan dubi tsohuwa uwar surukina in ce ga fure na kawo wa matata? Na miƙa buhun na ce, "A shiga da wannan." Ba a jima ba ta dawo tana sa mini albarka. Wai ba ta taɓa ganin kakan da ya damu da mai jego haka ba, har ya yo ganyen wanka tun daga Kano. Ta ce an riga an tsoma a tukunya, sai dai nan gaba in kawo darbejiya, wannan yana zuba kuma yana rina ruwa.

Daga baya mutuniyar ma ta fito ta durƙusa ta gaishe ni. Ta ce ya akuyoyi, na ce lafiya. Na ce ya yaron, ta ce lafiya. Ta ɗan jira, ni ma na ɗan jira, sai ta koma ciki.

Ina shirin tafiya Habibullahi ya zo ya tsuguna. Ya ce ya sami ƙarin karatu a Zariya na shekara biyu, Muhsina ma za ta koma makaranta, suna roƙon Mama ta bi su ta riƙe musu yaro. Ya ce sun yi mata magana ta ce a tambaye ni, abin da na ce shi za a yi. Rakiya, shekara biyu! Kin san abin da na ce? Na ce, "Ai ba komai, Allah ya sa alheri." Bakina ne ya faɗa, ni ina tsaye ina jin sa. Ya zan ce wa yaron da ke auren 'yata ba zan iya zama ba matata ba?

Asabar ta sama za su tafi. Ki gaya mini abin yi, amma kada ki sake haɗa ni da fure.

Sule

Agege
Ranar Asabar

Sule,

Gaisuwa a taƙaice, muna lafiya. Na kira wayarka har yatsana ya gaji, a kashe. Ka ciro ta daga aljihun motar nan, don Allah!

Wa ya ce ka sayi fure? Na ce ka lura da abin da mazan suke yi, ina nufin su buɗe baki su yi magana, kai kuma ka tafi ka yo ganyen wanka. Labarin tukunyar ya sa na ƙware da ruwa, amma yau ba dariya ta sa na rubuto ba.

Na karya alkawarin da na yi wa kaina, na kira Indo. Ban ce ka rubuto mini ba. Hira muka yi, da kanta ta ɗauko zancen. Sule, ranar arba'in ta ɗaure kayanta tun asuba, ta yi wanka ta sa sabon zane, tana sauraron ƙarar 'Yar Zurgu. Sai ga Shitu da saƙonka, wai ta yi zamanta, ba gaggawa, gida lafiya lau. Ta ce ta ji kunyar Iya ta rasa inda za ta sa kanta, shi ya sa da aka ce a ƙara wanka ta ce to. Har yau ba ta kwance jakar ba. Maganar Zariya kuma ita ta ce a tambaye ka, don ta tabbata za ka hana. Ka ce ba komai. Ta ce mini, "Rakiya, sau biyu ke nan. Mutumin da ya ce ba gaggawa, ya kuma ce ba komai, ai ya samu yadda yake so." Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ba Habibullahi take auna ka da shi ba, ba kuma samarin fim ba. Ba ta sani ba ne ko akwai wanda yake jiran ta a Rano. Kai kana kunyar surukai, ita tana kunyar ta dawo ba a kira ta ba, in kuka ci gaba a haka sai dai ku gaisa da Sallah. Na so in gaya mata abin da ka rubuto, amma ka haɗa ni da kakanni, kuma ko na faɗa ba daga bakina take son ji ba.

Ka je Kibiya kafin Asabar. Ka bar buhu a gida, ka tafi da bakinka.

Rakiya

Rano
Ranar Alhamis

Rakiya,

Ina gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta sa kika yi shiru. Kullum sai na leƙa inda tireloli ke tsayawa, ba Ramalan ba labarinsa. Wannan ma wani direban na ba ya kawo miki. Ko dai kin gama dariyarki kin jefar da takardata ne?

Ba komai. Na yi tunani na ga zancen fim zancen fim ne. Su in sun yi kuskure akwai mai rubuta musu gyara. Na sa an zuba mini na huɗu, da aka zo kusa da ƙarshe inda za a shirya sai na kashe, na mayar wa Shitu wayarsa. Ban iya kallon murnar wasu ba.

Da ba ta son tafiyar da ta ce ba ta so. Zariya akwai wuta, akwai famfo, ga jika, ga masu taya ta kallo. Ni me zan ba ta, labarin tayar da ta fashe a hanyar Kano? Na aika mata da bargonta da takalman da ta bari. Jibi Shitu zai ɗauko su shata, ta nan Rano za su wuce, zan tsaya a tasha in yi musu a sauka lafiya kamar yadda ya dace da dattijo.

Akuyar ta fara cin dusa. Kowa yana sabawa.

Sule

Rano
Ranar Lahadi

Zuwa ga 'yar'uwata Rakiya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, sai dai ƙafafuna biyu da ba sa takuwa, da babban yatsana da ya fashe. Ki nemi wuri ki zauna, kada ki karanta wannan a tsaye kusa da tukunya.

Jiya da hantsi motar Shitu ta tsaya a tasha. Ina tsaye na sa babbar riga. Habibullahi ya fito ya tsuguna, na yi masa nasiha a kan karatu. Muhsina ta miƙo jariri ta taga na tofa masa addu'a. Uwarta tana can gefe a baya, ta ce, "Mu mun wuce." Na ce, "A sauka lafiya." Sai ta miƙo mini wani galan ta taga, irin na man gyaɗa, cike taf da yajin daddawa. Ta ce, "Ga wannan, ka riƙa barbaɗawa a tuwon tasha, na san ba ya maka daɗi." Mota ta ja.

Na tsaya da galan a hannu ina jin nauyinsa. Kin san yajin da take daka mini a ɗan kwalba yake, in ya ƙare ta sake wani. Na dubi wannan, na ga yadda zan yi ta ɗiba da ɗan cokali ni kaɗai, damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, bai ƙare ba. Sai a lokacin na san tsawon shekara biyu. Kuma ashe ta san tuwon tasha ba ya mini daɗi, ni da na aika mata cewa gida lafiya lau.

Na faɗa cikin 'Yar Zurgu na murɗa makulli. Ta yi tari ta yi shiru. Na sake, ko tarin ma ta ƙi. Na ce a tura, masu turawa duk sun tafi shan shayi. Na lalubo wayata a aljihun mota in kira Shitu, ashe tun ranar da na jefa ta cajinta ya mutu. Rakiya, kin tuna saurayin da na ce sakarai ne? To shi ko ba komai ba babbar riga ya sa ba, kuma bai rungumi galan ɗin yaji ba.

Na zuba a guje ta tsakiyar kasuwa. Takalmi ɗaya ya cire na bar shi. Hulata ta faɗa cikin tiren mai ƙosai. Allah ya taimake ni wani Bafulatani yana tsallakar da shanunsa a bakin gari, motar ta rage gudu, amma ina gani saura 'yan maruƙa su wuce. Na ƙwala, "Shitu!" Ya kunna rediyo, bai ji ba. Na ce, "Ke!" Matan kasuwa kaf suka juyo, har da mai sayar da daddawa da ta ce, "Ni?" Na ce, "Uwar Muhsina!" Maraƙin ƙarshe ya tsallake, na ji Shitu ya sa giya.

Sai na kira sunanta. Da ƙarfi, a gaban duk mutanen Rano, a gaban surukina da 'yata da shanun Fulani.

Ban san yadda ta ji ba, da rediyo da kukan shanu da komai. Sai gani na yi tana dukan kafaɗar Shitu, mota ta tsaya cak. Ta fito mayafi a hannu, idanunta waje, ta ce, "Innalillahi! Wa ya mutu?"

Na dafa but ɗin motar ina haki na ce, "Ba kowa."

Ta ce, "To gobara aka yi?"

Na ce, "Yajin nan ya yi yawa."

Ta dube ni, ta dubi galan. Na ga in na tsaya a nan na zama mutumin da ke tambayar ko an ba kaji ruwa. Na rufe ido na ce, "Ba zan iya cinye shi ni kaɗai ba. Ƙarya na aika miki, gida ba lafiya ba. Ba na son ki tafi. Ki sauko mu koma."

Habibullahi ya sunkuyar da kai kamar mai neman allura. Muhsina ta toshe baki tana dariya tana hawaye, irin na uwarta sak. Mai daddawar nan da ta biyo ni don ta ji dalilin kiran ta sai ta rangaɗa guɗa. Shitu ya leƙo ya ce, "Malam Sule, da ka je tasha ka karɓi lambar direba ai." Zan rama, ba dai yau ba.

Mutuniyar kuwa juyawa ta yi. Ta sunkuya cikin mota ta ɗauko jakarta. Ashe tun daga Kibiya a cinya ta riƙe ta, ta hana a sa a but. Ta sumbaci jikanta, ta ce wa Muhsina gwaggon mijinta da ke zaune ba aiki ai ta iya raino, a aika mata. Habibullahi ya ce wallahi da ma ita suka fara tunani. Muka tako zuwa gida a ƙafa, ni takalmi ɗaya, ita tana bayana tana cewa in daina ɗingishi mutane na kallo.

Takardarki sai bayan la'asar ta iso, tirelar Ramalan ce ta lalace a hanya ta kwana huɗu. Na karanta, na ba ta ta karanta. Kin yi gaskiya, amma ki rubuta ki ajiye cewa kafin shawararki ta zo na riga na yi abina. Indo ta ce in bar mata wuri a ƙasa. Kin gani, na rubuta, hannuna bai karye ba.

Naki,
Sule

Rakiya, ni ce. Ina gaishe ki da Alhaji da yara. Kada ki yarda da zancen gudun nan duka, mai ƙosai ta ce tafiya ce da sauri. Ranar wankan nan da na ga jajayen furanni suna yawo a tukunya gabana ya faɗi, na ce ko dai? Sai na ce haba, ɗan'uwan nan naki ina shi ina fure. Duk da haka na tsamo ɗaya na ƙulle a bakin zanena, yana nan ya bushe. Ki aiko mana da sabon kati, yau ya sake aro wayar Shitu, tare muka ƙarasa wanda ya kashe, sai dai ya cika gyara wa direbobin ciki tuƙi. Shekara talatin, Rakiya, ashe ya san sunan. Na ce kada ya sake kira mini shi a kasuwa. A gida kuwa tun safe yake ta kira, in na amsa sai ya ce ba komai.

Indo